Tambayoyi da amsoshi kan ɗaukar babban manajan riƙon ƙwarya a kamfanin kayan masarufi

Tambayoyin nan su ne dai kullum suke dawowa in na zauna da masu masana'antu, musamman na Kano da Kaduna, masu yin taliya da biskit da man girki da yogot da ruwan roba da sabulu da masu casar shinkafa, shi yasa na ga gara in tara su wuri ɗaya kowa ya karanta da kansa. Sana'ata nemo wa kamfanoni manyan ma'aikata ce, kuma zan faɗi abin yadda nake ganinsa ko da wani wurin ba zai yi wa wasu iyayen gidanmu daɗi ba.

Wai shi manajan riƙon ƙwarya wane ne, me yake yi?

Gogaggen mutum ne da ya riga ya riƙe babbar kujera a baya, kaman shugaban kamfani ko daraktan kuɗi ko manajan masana'anta ko shugaban sashen sayar da kaya, sai a ɗauko shi daga waje na ɗan lokaci, a ɗora shi kan kujera da aiki takamaimai da ranar gamawa. Kullum da safe yana wurin aiki kaman kowa, ma'aikata suna ƙarƙashinsa, shi yake sa hannu, in abu ya lalace shi za a kama da tambaya. Ranar da wa'adi ya cika ya miƙa wa wanda zai gaje shi ya kama gabansa. Ba ya jiran ƙarin girma, ba ya lissafin garatuti, kuma wannan ne ma yake ba shi damar faɗin gaskiyar da ma'aikacin gida yake tsoron faɗa.

To ai muna da kwansoltan, meye bambancin?

Kwansoltan zuwa yake ya duba, ya yi tambayoyi, ya rubuta rahoto ya ba ka, aiwatarwa kuma taka ce. Yana da ranarsa, ba na raina shi. Amma manajan riƙo shi ne zai tsaya a bakin inji ƙarfe shida na safe lokacin da masu aikin dare suke miƙa wa na rana, shi zai kira dilan da ya riƙe kuɗin kaya wata uku ya ce masa ba ƙarin lodi sai ya biya, shi zai zauna da banki, in ta kama a sallami wani shi zai kalli idonsa ya gaya masa. In matsalarka rashin sanin abin yi ce ka nemi shawara, in kuma kowa a kamfanin ya san abin da ya kamata a yi amma an rasa mai yi, to manajan riƙo kake buƙata.

Me zai hana mataimakin wanda ya tafi ya riƙe kawai?

Wani lokacin hakan ya isa, in sashen lafiya lau yake tafiya kuma mataimakin ya ƙware. Inda abin yake ɓaci shi ne in dama matsalar a cikin sashen take, tunda shi ma mataimakin a cikin wannan tsarin ya tashi, sannan ransa yana kan kujerar, ba zai so ya ɓata wa kowa ba kafin a tabbatar da shi, sai kaga wata shida an yi ana lallaɓawa ba a yanke komai ba.

Me yasa ake cewa kamfanin kayan masarufi ya fi kowa buƙatar wannan?

Saboda kayan nan gudu suke yi, riba a kan katan ɗaya ba ta da yawa, a yawan ciniki ake ci. Mai shagon unguwa in ya shiga kasuwar Singa sati biyu a jere bai samu kayanka ba, na wani zai ɗauka, uwar gida ta gwada wancan ta ga ba laifi, shi kenan, dawo da ita sai ka kashe kuɗin talla da ragin farashi wanda ya ninka albashin da kake tunanin ka adana da kujerar ta zauna babu kowa. Ga kuma ranar lalacewa da ke jikin kowane kaya, ba ruwanta da cewa manajanka ya ajiye aiki.

Sannan harkar da lokaci take tafiya. Mai sukari da madara da ganyen shayi da taliya da man girki ya san in bai cika sito ya tura wa diloli kaya tun cikin Sha'aban ba, to cinikin azumi ya wuce shi. Mai lemo da ruwa da yogot shekararsa tana cikin zafin Maris zuwa Mayu. Mai casar shinkafa da mai matse mai kuwa da kaka ake yi ko a bari, lokacin da shanshera da masara da waken suya suke sauka a Dawanau da kasuwannin ƙauye. Ka ɗauka manajan sayayya ya tafi a watan Satumba, kai kuma ka ce sai ka natsu ka nemo na dindindin, neman babban ma'aikaci kuwa yakan ci watanni, ga shi kuma wanda ka samu sai ya ba tsohon wurin aikinsa notis na wata ɗaya zuwa uku, kafin ya iso kaka ta wuce, duk shekara da tsada za ka sayi kayan aiki.

Ga halin da ƙasar ta shiga ma. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, a watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yi halinta, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawa, naira 225 duk yunit, kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban shekarar. Manyan kamfanoni ma sun ji a jikinsu: Unilever ta daina yin su Omo da Lux a Najeriya, GSK mai magunguna ta sanar da rufe harkarta a Agustan 2023, P&G mai Pampers da Ariel ta ce ta daina sarrafa kaya a nan a Disamban 2023, Diageo ta Ingila ta sayar wa Tolaram masu Indomie hannun jarinta na Guinness Najeriya a 2024. In masu wannan ƙarfin sun girgiza, kamfanin da yake Sharaɗa ko Challawa ko Bompai ba zai iya barin kujerar daraktan kuɗi haka nan wata huɗu ba.

Wane lokaci ne ya kamata in nemi irin wannan mutumin?

Na farko in kujera ta zama babu kowa kwatsam, mutuwa ko jinya ko sallama ko wani kamfani ya ɗauke maka mutum. Sai in kamfani yana zubar da kuɗi an rasa ta ina, ana ciniki amma akawun a bushe. Akwai kuma aikin da sau ɗaya ake yinsa kuma ba wanda ya taɓa yi a gidan, kaman kafa sabon layin inji, ko sauya daga janaretan dizal zuwa gas, ko ɗora duka lissafin sito da ciniki a kwamfuta, ko buɗe kasuwa a Kudu, ko tsara fitar da kaya zuwa Maraɗi da Damagaram ta hanyar da takardu suka cika. Wanda na fi gani a wajenmu kuma shi ne miƙa kamfani daga uba zuwa ɗa: Alhaji ya manyanta, yaron ya dawo daga karatu da digiri amma bai taɓa riƙe ma'aikata ɗari uku ba, to sai a kawo dattijon manaja ya riƙe shekara guda yaron yana gefensa yana koyo.

Wannan ba tsarin Turawa bane? Zai yi aiki a nan?

Gaskiya ne a matsayin sana'a mai zaman kanta a ƙasar Holan abin ya fara ƙarfi wajen shekarun 1970, saboda dokar ƙwadagonsu ta sa sallamar ma'aikacin dindindin tana da wuya da tsada, daga nan ya bazu Ingila da Jamus da Faransa. A can da kuɗin yini ake biyansu, kuma akwai kamfanonin da ba su da aiki sai haɗa su da masu buƙata. A Ingila har dokar haraji suke da ita, IR35, wadda aka faɗaɗa zuwa kamfanoni masu zaman kansu a Afrilun 2021, dan a bambance wanda da gaske aikin kansa yake yi da wanda ma'aikaci ne aka sauya masa suna. A nan kuma yana aiki, sharaɗin dai ɗaya ne, mai kamfani ya yarda ya saki wani abu daga hannunsa, zan zo kan wannan a ƙasa.

Waɗanne kujeru aka fi nema?

Daraktan kuɗi, manajan masana'anta, shugaban sayarwa da rarraba kaya, manajan sayayya da sufuri, sai mai kula da inganci, wanda shi ake nema da gaggawa in an samu matsala da NAFDAC ko SON mai kula da ingancin kaya, ko rajistar kaya ta NAFDAC ta kusa ƙarewa tunda shekara biyar take yi. Shugaban kamfani gaba ɗaya ma ana nema amma bai kai waɗancan yawa ba.

A ina ake samunsu?

Yawancin nagarin ba sa cike takardar neman aiki, ba za ka same su ta hanyar manna talla a Facebook ba. Wasu sun yi ritaya da sauran ƙarfinsu bayan shekara ashirin ko talatin a manyan kamfanonin abinci da abin sha, wasu kuma rage ma'aikata ko ficewar kamfanonin waje ce ta rutsa da su ba dan sun gaza ba. Ana samunsu ta kamfanonin nemo ma'aikata, ta LinkedIn, ta ƙungiyar masu masana'antu wato MAN, ta ƙungiyoyin ƙwararru irin su ICAN da ANAN in akanta kake nema, har ta wajen oditocinka da manajan bankinka. Hanyar da mutane suke mantawa da ita ita ce manyan diloli. Dilan da ya shekara ashirin a Singa ya ga manajoji iri-iri sun zo sun wuce, ya san wanda yake cika alkawari da wanda yake tura kaya dole ƙarshen wata dan lissafinsa ya yi kyau a ofis, ka tambaye shi a natse zai gaya maka.

In ta kamfanin nemo ma'aikata za ka bi, ka tambaye su lasisinsu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma su gaya maka ƙarara nawa ne nasu nawa ne yake shiga aljihun manajan.

Ta yaya zan gane na gaske a wajen intabiyu?

Ka nemi wanda ya fi ƙarfin aikin. A ɗaukar dindindin kana iya ɗaukar mai tasowa ka raine shi, amma a nan ba lokacin koyo, so ake wanda ya taɓa warware irin wannan matsalar sak, ba sau ɗaya ba ma. Kar ka tsaya kan takardun makaranta da sunayen manyan wuraren da ya yi aiki, ka ce ya ba ka labarin aiki ɗaya daga farko har ƙarshe, me ya tarar, me ya yi a satin farko, wa ya ƙi ba shi haɗin kai, da ya tafi abin ya ɗore ko ya rushe. Ka saurara da kyau ko zai iya faɗin lamba, katan nawa layi yake fitarwa a awa, kwana nawa diloli suke riƙe bashi, kashi nawa na kaya yake lalacewa.

Bayan nan ka zaga da shi cikin masana'antar, a nan ake gane mutum. Na gaske da kun shiga sito ba gaba zai tsaya ba, can baya jikin bango zai wuce ya jawo katan ya duba kwanan wata, kuma sau da yawa abin da ake tararwa shi ne sabbin kaya a bakin ƙofa ana ta lodinsu, tsoffi kuma an danne su a lungu saura wata biyu su lalace, ƙasan katan ya jiƙe saboda a kan siminti aka jibge su ba katako. Zai tambayi mai sito littafinsa, ya ƙirga layi ɗaya da hannunsa ya gwada da abin da aka rubuta. Wanda ya zaga hannu a aljihu yana cewa masha Allah wurin ya yi kyau, ka yi masa godiya ka sallame shi.

Wani abu kuma, wanda duk rayuwarsa a babban kamfanin waje ya yi, inda komai akwai sashensa da kasafinsa, ka tabbatar zai iya aiki inda shi ne zai bi mai gyaran janareta da kansa. Kuma ka kira mutum biyu ko uku da ya yi aiki da su, har da wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, ba iyayen gidansa kaɗai ba.

Ance suna da tsada sosai, haka ne?

In ka gwada da albashin wata na ma'aikacin dindindin, eh ya fi, kuma dole ya fi, tunda ba fansho ba garatuti ba kuɗin hutu, in aikin ya ƙare yana iya zama wata biyu ko uku kafin wani ya samu. Amma lissafin da ya kamata ka yi shi ne nawa kake asara duk wata a halin da kake ciki yanzu, kayan da suke lalacewa, dizal ɗin da yake ɓacewa, bashin da ya maƙale a hannun diloli kai kuma kana biyan banki ruwa a kansa. Yawanci a nan da wata ake biya, wasu da yini, a ƙara masauki da mota in daga wani gari ya zo. Ina ba da shawarar a ware wani kaso a ɗaure shi da sakamako, amma sakamakon da za a iya aunawa kuma yake hannunsa. In ka ɗaure ladansa da yawan kayan da suka fita daga get kawai, zai cika wa diloli shaguna da kaya bashi ya karɓi kuɗinsa ya tafi ya bar ka da rigima, gara ka ɗaure da kuɗin da suka shigo akawun.

Wata nawa ake ɗauka?

Galibi wata uku zuwa shekara ɗaya. Ƙasa da wata uku bai isa a ga komai ba sai in riƙe kujera kawai ake so, in kuma an haura shekara ana ta sabuntawa to a zauna a faɗa wa juna gaskiya, ko dai a ɗauke shi dindindin ko kuma ba a neman magajin da gaske.

Wane irin iko zan ba shi? Ni fa ba na son wani ya zo ya mallake min kamfani.

Ranka ya daɗe, a nan ne yawancin aikin yake mutuwa, kuma dan Allah a karanta wannan da kyau. Tsoron naka yana kan hanya, guminka ne, shekaru ka yi kana ginawa, kuma kowa ya san labarin waɗanda aka amince wa suka ci amana. Amma ka kawo mutum ka biya shi maƙudan kuɗi sannan ya zama ko buhun gishiri ba zai saya ba sai an kira ka a waya kana Umara, wannan kaman ka ɗauki direba ne ka riƙe makullin motar a aljihunka.

Abin da ake yi shi ne a rubuta iyaka tun ranar farko. Kuɗi har zuwa kaza shi kaɗai zai sa hannu, daga kaza zuwa kaza shi da mutum ɗaya da ka yarda da shi, abin da ya haura nan sai da kai. A rubuta wa banki haka. A rubuta su wa zai iya ɗauka ko dakatarwa da kansa, su wa sai ya shawarce ka. Farashi da ragin da ake yi wa diloli, a faɗi wa yake da maganar ƙarshe. Sayar da kadara, cin sabon bashi, taɓa hannun jari, waɗannan naka ne kai kaɗai ba wanda ya ce ka sake su. Ka sa odita na waje yana dubawa, ba laifi bane, manajan kirki ma shi zai fara neman hakan.

Sai kuma abin da ya fi takarda wuya, kai kanka ka bi dokar da ka sa hannu a kai. Misalin da kowa a harkar nan ya sani: ƙarfe biyar na yamma mota ta tsaya a get cike da kaya, mai gadi ya ce ina webil, wato takardar fitar da kaya, direba ya ce Alhaji ne ya ce a kai wa wane, mai gadi ya kalli manaja, lebura sun tsaya da aiki suna kallo. In manaja ya hana motar fita kai kuma ka kira ka ce a buɗe, wallahi daga ranar ya gama aiki a gidan ko da ya ƙara wata shida yana zuwa, kowa ya gane cewa akwai hanyar zagaye shi. In kana son yi wa wani alheri ba wanda ya isa ya hana ka, kayanka ne, amma a rubuta webil da sunanka a cire a asusunka, motar ta fita ta ƙofar da kowa yake bi.

'Yan uwa da tsoffin ma'aikata fa, za su yarda da baƙo?

Da farko ba za su so ba, wasu saboda tsoron aikinsu wasu kuma saboda akwai abin da ba sa so a gani. Kai ne za ka tara su da bakinka, ba ta takarda ba, ka ce ga wane, ga abin da ya zo yi, ga ranar da zai tafi, kuma maganarsa maganata ce. Faɗin ranar tafiyar yana kwantar da hankali sosai dan masu hangen kujerar sun san ba ƙwace musu ya zo yi ba. Shi ma manajan da nasa, ya san girman mutane, dattijon da ya shekara talatin yana kula da inji a ce masa Baba a nemi shawararsa, kar a ci masa fuska gaban yara. In ma'aikatanka suna cikin ƙungiyar ƙwadago ya zauna da shugabanninsu tun satin farko kafin jita-jita ta riga shi. In ba ya jin Hausa ba a ce ba zai iya ba, amma a sashen sayarwa a Arewa gaskiya mai jin harshen ya fi saurin shiga jikin diloli.

Mace za ta iya?

Ƙwarai kuwa, musamman a kuɗi da inganci da talla da kula da ma'aikata akwai mata da suka goge sosai, kuma kar a manta yawancin kayan nan mata ne suke zaɓar wanda za a saya a gida. Abin da na faɗa kan iko shi ne dai, in Hajiya ta ba da umarni mai gida ya tsaya a bayanta.

In ya kwashe sirrinmu ya kai wa abokan hamayya fa?

A sa shi ya sa hannu a takardar riƙe sirri kafin ma a buɗe masa littafi, a rubuta cewa haɗin kayanku da jerin diloli da farashin da kuke sayen kaya na kamfani ne. Ana iya ƙara cewa ba zai yi wa mai yin irin kayanku sak aiki ba na wasu watanni, amma a yi shi daidai misali, in aka tsawwala kotu ba lalle ta yarda ba. Abin da ya fi takardar tsare ka shi ne sunansa, mutumin da da shaidar kamfanin baya yake samun aikin gaba, in aka ji ya yi haka sau ɗaya ya gama cin abinci a harkar.

Wace irin takarda za mu rubuta?

Lauya da akanta su zauna a kai, kar a kwafo ta intanet. A fayyace ko kwangilar aiki ce da shi ko da kamfaninsa, inda za a cire harajin da ake riƙewa a wajen biya, ko kuwa ɗaukar aiki ce ta ƙayyadadden lokaci, inda harajin albashi da fansho suke shigowa, kashi 10 daga kamfani kashi 8 daga ma'aikaci kaman yadda dokar fansho ta 2014 ta ce. In rigima ta kai Kotun Ma'aikata ba sunan da kuka sa wa takardar kaɗai za a duba ba, har yadda aka yi zaman. Dokokin haraji ma sababbi sun fara aiki a Janairun 2026, dan haka akanta ya duba da na yanzu. In za a naɗa shi darakta sai an shigar a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuma nauyin doka ya hau kansa, shi yasa da yawa sun fi so a bar su a manaja. Daraktan kuɗi da zai sa hannu a rahoton kuɗin shekara kuma a duba yana da lambar rajistar FRC, hukumar kula da rahoton kuɗin kamfanoni. Kar a manta da notis, sati biyu zuwa wata ɗaya ga kowane ɓangare ya wadatar.

Zan iya kawo ɗan ƙasar waje?

Za ka iya, masana'antun Kano dama sun saba da Indiyawa da Labanawa da 'yan Chana, musamman a ɓangaren inji. Amma akwai takardu, gurbin ɗaukar baƙi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da katin zama, ko izinin aiki na ɗan lokaci daga hukumar shige da fice in aikin gajere ne kaman kafa inji, kuma takardun suna cin lokaci, ga biya da dala. In matsalar ta inji ce zalla yana iya dacewa. In ta kasuwa ce ko ta bashi ko ta ma'aikata, ɗan gida da ya san yadda ake magana da dila ya fi.

Ta yaya zan san yana aiki ba zama kawai yake ba?

Cikin sati biyu zuwa uku ya kawo maka a rubuce, shafi biyu ko uku, ga abin da na tarar ga abin da zan fara da shi. Ku zaɓi lambobi huɗu ko biyar kacal ku dinga dubawa tare duk sati a rana ɗaya, misali kayan da aka sarrafa, awannin da inji ya tsaya, litar dizal a kan kowane tan, bashin da ke waje, kuɗin da suka shigo. Kar hankalinka ya tashi in a watan farko lissafin ya ƙara muni, sau da yawa ɓarnar da aka daɗe ana rufewa ce ta fito fili, kaya da suke cikin littafi amma babu su a sito, ko bashin da kowa ya san ba za a biya ba.

Ni tsohon manaja ne, ina so in shiga wannan aikin, me zan yi?

Ka fara tambayar kanka ko za ka iya zama wata uku ba albashi, in ba za ka iya ba ka tara tukunna. Ka yi wa kamfaninka rajista ka samu lambar haraji. Takardar tarihin aikinka ka sake ta, maimakon jerin muƙamai ka rubuta matsalolin da ka warware da lambobinsu. Ka zaɓi abu ɗaya ko biyu da za a san ka da su, wanda ya ce komai ya iya ba a kiransa. Kuma ka shirya ranka, ba motar ofis mai direba ba sakatare, wata rana a ɗakin baƙi na masana'anta za ka kwana ƙarar janareta a kunnenka. In ka ga mai kamfani ba zai ba ka ikon yin aikin ba ka ƙi karɓa tun farko cikin mutunci, dan in abin ya lalace sunanka ne zai ɓaci.

In wa'adi ya cika ya ake miƙa aiki, kuma in ya yi mana za mu iya riƙe shi?

Neman magaji tun watan farko ake fara shi, ba satin ƙarshe ba, kuma shi manajan riƙon ya shiga cikin masu tantancewa tunda ya fi kowa sanin abin da kujerar take buƙata yanzu. A samu aƙalla sati biyu zuwa wata ɗaya suna tare, ya zaga da sabon wajen manyan diloli da banki da masu kawo kaya, ya bar komai a rubuce har da abin da bai samu gamawa ba. A cire sunansa a banki a ranar, a karɓi makullai da kwamfuta, a biya shi haƙƙinsa cif ba tare da ya biyo baya ba.

Riƙe shi dindindin kuwa yana yiwuwa in shi ma yana so, amma da yawansu ba sa so, sun fi jin daɗin shiga wuri mai matsala su gyara su wuce, in komai ya daidaita sai su fara gundura. In kun daidaita, sabuwar takarda za a rubuta da albashin dindindin wanda yawanci bai kai na riƙo ba, kuma in ta hannun kamfanin nemo ma'aikata ya zo ka duba yarjejeniyarku da su, galibi akwai kuɗin da suke karɓa in aka mayar da mutuminsu na dindindin.